Shekarar da Muka Ajiye Wake a Lakwal

Bana ruwa ya yi jinkiri. Watan shuka ya kama har ya raba, sama tana nan fara fat, zafi kuma tun da hantsi yake hana mutum taka ƙasa babu takalmi. Duk garin babu wani abu kore sai garkar lakwal, lambun makarantar boko da ke bayan gidanmu. Daga ƙofar ɗakina nakan ji yaran da safe suna gardamar wa zai riƙe tiyo, don yanzu fanfo gare su mai aiki da hasken rana, ana murɗawa ruwa ya zubo. Shekaranjiya jikata Halima, wadda take ajin farko, ta shigo da laka har gwiwa, ta ce madam, malamarsu, ta ba kowa ƙwayar wake uku ya shuka da hannunsa. Uwarta ta fara faɗa a kan rigar. Na ce ta ƙyale ta, ni zan wanke. Ina cikin wankin ne wata shekara ta dawo mini, shekarar da nake da tara a duniya.

Garinmu ƙarami ne, a kan hanyar da ta tashi daga Madarunfa ta nufi Gabi. Sunana Barira, ni ce ƴar fari a gidanmu, shi ya sa Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, in ta ji daɗi ta ce "ƴar nan". Bayana an haifi biyu ba su zauna ba, sai Nana, wadda a lokacin take goye, ba a yaye ta ba.

Daminar da ta gabata ta fara da kyau. Hatsi na cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, mutane su fito su tsaya suna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Ganye ya naɗe ya yi fari-fari, in ka ratsa gona sai ka ji yana ƙara kamar takarda. Abin da muka girbe Baba ya kwaso shi a ka, sahu huɗu, aka gama. Ya zauna ya zaɓi zangarniyar da ta ɗan cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye can sama cikin rumbu. Ya ce wa Inna, "Wanga iri ne. Ko mi ya faru, kada a taɓa shi."

Da aka koma lakwal sai aka kawo mana sabon malami, Mushe Lawali. Dogo ne siriri, bai kai Baba shekaru ba, ɗan masu garka ne daga bakin gulbi. Lakwal ɗinmu kilas biyu ce, wato ɗakin karatu biyu, ɗaya ta ƙasa mai rufin kwano, ɗaya rumfar zana, sai wata tsohuwar rijiya a baya da mata ba su cika zuwa ba don ta yi nisa da gidaje. A satinsa na biyu ya kai mu bakin rijiyar, ya saki guga, ya jawo, ya auna igiyar da ta jiƙe da kamun hannunsa. Ya ce, "Nan za mu yi garka."

Iyayenmu ba su so ba. A zamanin ba da son rai ake sa yaro lakwal ba, mai gari ne ke ba da suna. Baba ya tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, ina wucewa da tulu na tsaya ina ji.

"Mushe, kun ɗauke muna su daga gona kun ce karatu. Yanzu kuma karatun ya koma gona?"

"Malam, karatun na nan. Garkar ma karatu ce."

"In noma ne mu muka san shi. Ga shi mun yi, ka ga abin da ya ba mu."

Mushe ya ce, "Na gani. Shi ya sa."

Kwana kaɗan bayan haka Baba ya bi sauran mazan garin, suka yi Ɗan Issa suka tsallaka Najeriya bida, neman abin da za a ci. Gari ya rage daga mata sai tsofaffi sai mu.

Da ƙaya muka fara. Manyan cikinmu suka saro ta magarya da ta bagaruwa, mu kuma muka ja ta a ƙasa har bayan lakwal, ƙafafunmu duk karce. Sai taki, kowa ya zo da kwano cike daga gidansu. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin bokon da ake zuwa da kashin awaki ba, amma ta share turke ta cika mini kwanon har da tozo. Mushe ya kafa turaku ya ɗaura igiya, ya sa muka auna fangali da metir, muna ƙirga da Faransanci da ƙarfi. Wanda lissafi ke ba wuya a allo, a nan sai ka ga ya gane, don in ka yi kuskure fangalinka ne zai fito a karkace kowa ya yi ta dariya.

Arozuwar, butar ban ruwa, ɗaya ce tal, ta ƙarfe, ana yi mata layi. Sauranmu gwangwani muka huda da ƙusa. Tun kafin a buga ƙarfen shiga kilas muke ban ruwa, cikin sanyin nan mai ƙage yatsu. Ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, har yana tururi, amma da ya zuba a ƙafa iska ta buge shi sai faso. Mu huɗu muke kama igiyar guga ɗaya, muna ja muna waƙar ƙirga. Ƴan ajin farko, waɗanda ba su iya ɗaukar gwangwani ba, aikinsu tsince duwatsu da korar kaji, kuma babu wanda ya kai su ɗaukar aikinsa da girma. In na ga yaran yanzu da tiyo nakan yi musu murna. Iyakar abin da na lura, mu da muka jawo ruwan da hannu ba ma yarda ɗigo ya zuba a kan hanya.

Mushe ba mai yawan bayani ba ne. Sai ya tsuguna ya ce mu ma mu tsuguna. Ya tura yatsa cikin ƙasa ya ce kowa ya tura nasa. Ya ce mini, "Ina lema ta tsaya? Gaɓa ɗaya? To ba ki ba shi ruwa ba, fuska kawai kika wanke mai." Wata rana ya tumɓuke tumatir ɗaya lafiyayye daga wurin reno, muka bi shi da kallo kamar ya yi ɓarna. Ya wanke saiwar cikin kwano ya miƙo, ta bi hannu hannu, fara, siririya kamar gashi. Ya ce, "Da wannan yake sha. In za ku dasa, ita za ku lallaɓa, ba ganyen ba." Da tsutsa ta faɗa wa shu, wato kabeji, ya sa muka daka ganyen dogon yaro muka jiƙa ya kwana, muka yayyafa da tsintsiya. Ɗacin ya yi kwana uku a hannuna, ko tuwo na ci sai na ji shi.

Ni ƴar manoma ce, tun da na iya tafiya nake bin Inna gona. Amma a gona aike ne kawai: zuba nan, rufe can, ɗauko ruwa. Ba wanda ya taɓa ba ni wuri ya ce nawa ne, in ya rayu ni, in ya mutu ni. Fangalina shi ne na uku daga rijiya. Ranar da salatina ya tsiro sau huɗu na je na duba shi.

Da garkar ta kama, sau biyu a sati ake ɗora tukunya a inuwar kilas, iyayenmu mata suna karɓa-karɓa wajen dafawa. Yakuwa ce da shu da ganyen albasa, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙulin da Mushe ke zuwa da shi daga kasuwar Madarunfa. Kowa dunƙule biyu. Lokacin a gida an riga an koma tuwo sau ɗaya a yini. Har yaran da a da ake ɓoyewa in an zo rubuta suna aka fara turowa. Ni nakan ci ɗaya, in ƙulle ɗaya a bakin zane in kai wa Inna. Takan ce ta ƙoshi, sannan ta ci rabi, ta tauna wa Nana rabi.

Da sanyi ya fara raguwa Mushe ya je gida ya dawo da wake cikin ƴar jaka. Ba irin namu ba ne mai yaɗo, wanda sai kaka ta yi nisa yake nuna. Wannan a tsaye yake tashi, kuma wata biyu da ƴan kwanaki ya isa ci. Ya sa muka share fangalan da suka tsufa, kowa ya shuka nasa, tafin ƙafarmu biyu tsakanin rami da rami, ƙwaya uku uku. Rijiya kuwa tana ta ja da baya. Sau biyu aka ƙara wa igiya tsawo, ruwan ya koma ja da laka, sai an jira ya taru kafin a samu rabin guga. Muka bar komai ya mutu ban da waken da zogalen bakin shinge. Zafi na shigowa waken ya bushe a jikin uwarsa, muka tsince muka ɓare.

Mushe ya shimfiɗa tabarma a kilas, kowa ya zauna gaban tulinsa. Ya sa muka ware manyan ƙwayoyi marasa huji gefe guda. Ya ce, "Waɗancan ku kai gida a ci. Waɗannan iri ne, nan za su zauna har ruwa ya sauka." Kowa ya nemo kwalba. Muka gauraya irin da toka mai sanyi saboda ƙwari, muka ɗura, muka toshe da tsumma muka shafe bakin da laka. Kowa ya rubuta sunansa a takarda ya liƙa. Aka jera su cikin akwatin littattafai, Mushe ya kulle.

Rabon da na kai gida kwana uku ya yi mana. Daga nan abu ya tsananta. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa. Inna ta rabu da akuyarmu ta ƙarshe. Muka ci dusa, muka ci ganyen yaɗiya da na jiga. Muka shiga daji ɗibar anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu yana nan. Azumi ya kama a tsakiyar bazara. Da azahar gari yakan yi tsit, kowa na kwance inda ya samu inuwa, kaji ma bakinsu a buɗe. Manya su kai azumi, su buɗe baki da abin da bai cika ludayi uku ba. Saƙon Baba sau ɗaya ya zo, da ɗan ƙullin garin rogo, daga nan shiru.

Wata safiya na farka na ji daka. Na daɗe ban ji ƙarar turmi a gidanmu ba. Na fito na tarar Inna tana sussukar zangarniyar da Baba ya rataye. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ke, miƙo mini faifai." Na miƙa mata. Ba mu taɓa yin maganar ba har ta bar duniya.

Irin ya ɗan riƙe mu, shi ma ya ƙare. Nonon Inna ya ƙafe. Gashin Nana ya yi ja, wuyanta ya daina riƙe kanta, sannan ta daina kuka. Shirun nan ya fi kukan tayar da hankali.

A lokacin ne magana ta fara yawo a bakin rijiya, wai Mushe ya kulle waken yara, shi da ke da albashi. Wasu suka ce ai ya riga ya kai kasuwa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ji haushinsa. Ina zaune a kilas ina kallon akwatin nan, na san kwalbata ce ta biyu daga hagu, shi kuma yana ta rubutu a allo.

Wata rana da hantsi mata kusan goma suka zo lakwal, Inna na cikinsu da Nana a baya. Ba su yi hayaniya ba, babu mai ƙarfin yin ta. Suka tsaya a ƙofa suka yi sallama. Mushe ya ajiye alli. Babbar cikinsu ta ce, "Mushe, mun zo ne kan waken ɗiyanmu."

Ya ciro makulli ya buɗe akwatin, ya ja da baya don su gani. Kwalabe na nan a jere, lakar bakinsu ba a taɓa ba, kowace da sunanta.

Ya ce, "Ga su. Ba nawa ba ne, na yaran ne. Wadda ke so ta ɗauki na ɗanta, ba ni hana ta, kuma ba ta yi laifi ba. Abu guda zan faɗa. In aka dafa kwalba guda, abincin kwana biyu ne. In aka shuka ta, Allah ya ba da ruwa, kafin hatsi ya nuna kuna cin wake. Amma ban san ranar da ruwa zai zo ba. Ba ni iya yi muku alkawari."

Tun da matan ba su iya karatu ba, kowane yaro ya tashi ya nuna tasa. Wasu suka karɓa suka fita, kai a ƙasa. Ban taɓa ganin laifinsu ba, ko a lokacin ko yanzu. Na ɗauko tawa na miƙa wa Inna da hannu biyu, raina fes, har ina jin ƙamshin dafaffen wake a hancina. Ta riƙe ta tana jin nauyinta. Ta waiwaya ta dubi Nana ta kan kafaɗa. Ta daɗe a tsaye, har Mushe ya kawar da kai ya koma kallon taga.

Sai ta ce, "Mushe, wata biyu ka ce?"

"Wata biyu da ƴan kwanaki, in an samu ruwa."

"Ka gani da idonka?"

"Barira ta gani. Ita ta shuka shi."

Inna ta juyo gare ni. "Ke, gaskiya ne?"

Na so in ce ƙarya ne. Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

Ta mayar da kwalbar wurinta da hannunta, ta gyara goyo, ta fita. Ranar, da na koma gida, ban yi mata magana ba. Ta ajiye mini anza a kwano, na ci ina kuka.

Daga ranar, kullum in an tashi da yamma Mushe yakan kira ni bayan kilas ya ba ni ƙaramin kwano da kunu mai kauri. Ya ce, "Na Nana ne. Kada ki tsaya a hanya." Sai da na girma na gane na buɗa-bakinsa ne yake rabawa biyu.

Ruwa ya zo bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan. Muna kilas da azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta shigo ta taga ta kwashe takardun da ke kan tebur. Ɗigon farko ya bugi kwano kamar an jefa tsakuwa, sai na biyu, sai ya ɓarke har ba ma jin muryar juna. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Mushe bai hana mu fita ba, shi ma ya fito ya tsaya a ciki da rigarsa. Aka yi ta zubawa har magariba. Washegari da sassafe ya buɗe akwatin ya riƙa kiran suna ɗaya ɗaya. Inna ta zo da sungumi a kafaɗa, Nana a baya kanta yana lilo. Na ga Mushe ya bi yarinyar da kallo.

A gona Inna ta fara sara irin yadda ake wa wakenmu, taku biyu manya tsakani. Na ce, "Inna, wanga ba ya yaɗo. Tafin ƙafata biyu ne." Ta tsaya. Ban taɓa gyara mata aiki ba, na ɗauka mari ne zai biyo. Sai ta ce, "To shiga gaba ki taka, in bi ki." Haka muka yi, ina takawa tana sara, mu juyo muna zubawa muna rufewa da diddige, ƙasar da sanyi tana shiga tsakanin yatsu. Da muka ci rabin kwalbar ta ce a tsaya. Na ce Mushe bai ce a rage ba. Ta ce, "Mushe ya san garka. Ni na san ruwan farko." Kuma ta yi gaskiya. Aka yi kwana goma sha biyu babu ɗigo, abin da ya tsiro a tudu ya ƙone. Da ruwa na biyu muka cike gurbin da sauran. Hatsi kuwa, ɗan irin da kawuna ya aiko daga garin Sarkin Yamma ne muka shuka, bai rufe rabin gonar ba.

Cikin kwanakin farin nan aka rufe lakwal, Mushe ya tafi bakansi, dogon hutu. Ya bar mini ƙullin gari, ya ce a riƙa dama wa Nana kaɗan kaɗan. Da garin ya ƙare ne Nana ta fi jin jiki. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo ta dube ta, ta ce wa Inna ta fara haƙuri tun yanzu. Tafasa ta fito a bayan gari, waken ma ya yi ganye. Muka riƙa tsinkar na ƙasa, ɗaya ɗaya daga kowane tushe don kada ya ji, Inna ta dafa ta murje ta ɗura mata da cokali. Sannu sannu abin ya fara zama a cikinta. Wata safiya ina shara na ji ta tsala kuka, kukan yunwa sosai mai ƙarfi. Na yar da tsintsiya na shiga ɗaki, na tarar Inna zaune ta zuba mata ido, ta ƙi rarrashinta.

Baba ya dawo waken na fure. Da ƙafa ya taho daga Ɗan Issa, da rabin buhun garin rogo a ka. Jinya ya yi a can, ya rame har ban gane shi daga nesa ba. Ya leƙa rumbu ya fito, bai tambayi irin da ya rataye ba. Washegari ya bi mu gona. Ya tsaya a baki yana kallon layukan nan kore shar, fure fari-fari a jikinsu, ƙudan zuma na ta yawo.

Ya ce, "Wa ya ba ku iri?"

Inna ta nuna ni da baki.

Ya tsuguna ya ɗaga ganye, ya ga ƴaƴa sun fara saukowa sirara kamar yatsun jariri. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya ce, "Barira, kwana nawa ya rage?" Ni ya tambaya. Na lissafa da yatsu na faɗa masa.

Ɗanye muka fara tsinka, aka dafa da ɓawonsa da ɗan gishiri, muna zuge shi da haƙori ruwan yana bin hannu. Nana tana zaune da kanta a tabarma tana cusawa da hannu biyu. Gidajen da suka bar kwalabensu suka riƙa aika wa waɗanda suka ɗauke nasu, ƙwarya ƙwarya, ba wanda ya tuna wa wani komai. Haka muka kai har hatsi ya nuna.

Baba ya auna tiya biyu na mafi kyau ya ajiye, ya ce na Mushe ne, da hannunsa zai ba shi. Aka koma lakwal sai ga wani malami daban. Mushe Lawali an yi masa canjin wurin aiki can arewa, babu wanda ya riƙe sunan garin. Baba ya ba sabon malamin waken ya ce a shuka wa yara, ya ɗauki gatari ya je ya gyara shingen da kansa.

Ni a aji shida na tsaya. Na yi aure, na haihu, na ga jikoki. Waken nan ya bazu gida gida, har yau "ɗan lakwal" ake ce masa a garinmu. Duk malamin da na haɗu da shi sai na tambaye shi ko ya san wani Mushe Lawali dogo, ba wanda ya ba ni labari.

Shekara uku da suka wuce na raka mai gidana Maradi wurin likitan ido. Muna zaune a benci aka kira wani suna, Lawali da sunan mahaifinsa, irin yadda muke ganinsa a saman takardunmu. Wani tsoho ya miƙe da sanda, dogo, ya ɗan ranƙwafa. Na jira har ya fito, ido ɗaya a rufe da auduga. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa sunana da sunan garinmu, na ce, "Mushe, shekarar garka."

Ya yi ta nema a cikin kansa. Yara da yawa sun bi ta hannunsa, ban sa rai zai tuna ba. Na fara jero godiyar da na daɗe ina ɗauke da ita, yadda waken ya yi, yadda Baba ya ajiye masa tiya biyu. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ke ce innarki ta mayar da kwalba?"

"Ni ce, Mushe."

Ya laluba benci ya zauna. Muryarsa ta yi ƙasa. "Yarinyar da ke bayanta fa? Na tafi ban sani ba. Sau da yawa na ɗauki takarda in rubuto, sai in ji tsoron amsar. Ran nan da innarki ta riƙe kwalbar, a raina roƙo nake ta tafi da ita. Maganata ce ta sa ta mayar. In da yarinyar ta..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Mushe, Nana tana aure a Ɗan Issa. Ɗiyanta shida. Ta fi ni jiki ma."

Ya ce, "Ki faɗa mini gaskiya. Na tsufa, ina iya ɗauka."

Na ciro salula na kira Nana. Ta ɗauka, a bayanta hayaniyar yara da ƙarar injin niƙa. Ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau. Ga wani babanmu ki gaishe shi." Na sa masa a hannu. Ya riƙe da hannu biyu ya kai kunne. Ina jiyo muryarta tana ta gaisuwa, ina wuni Baba, ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali, ba ta san ko wane ne ba. Ya bar ta har ta gama, hawaye na bi ta ƙarƙashin audugar, sannan ya ce, "Ƙara gaishe ni, ɗiyata. Ban ji da kyau ba."